Daga be-x-old zuwa be-tarask: nazarin gyaran lambar harshe guda a Wikipedia

A watan Satumba na 2015 aka sauya adireshin ɗaya daga cikin Wikipedia biyu na harshen Belarus, daga be-x-old.wikipedia.org zuwa be-tarask.wikipedia.org. Ga mai kallo daga waje, 'yan haruffa ne kawai aka taɓa. Amma lambar da aka koma wa tana nan a rajista tun watan Afrilu na 2007, wato sai da aka shafe shekara takwas kafin a iya sa ta a adireshi, kuma har bayan sauyin tsohon sunan bai fita daga cikin tsarin ba. Duk mai gudanar da aikin sa-kai da ke tattara harsuna da yawa a intanet zai amfana da bin diddigin wannan lamari, domin a cikinsa ake ganin inda lambar harshe ke maƙalewa da abin da cire ta ke ci.

Yadda aka samu Wikipedia biyu a harshe ɗaya

Harshen Belarus yana da ƙa'idojin rubutu biyu da ake amfani da su. Ta farko ta samo asali daga nahawun da Branislau Tarashkevich ya wallafa a Vilnius a 1918, daga sunansa ne kuma aka samu sunanta, Tarashkevitsa. A 1933 hukumomin Sobiyet suka yi wa rubutun kwaskwarimar da ta matsar da shi kusa da na Rashanci, kuma wannan ce ta zama ƙa'idar hukuma. 'Yan ƙasar da ke zaune a waje suka ci gaba da riƙe ta farkon, sannan ta sake farfaɗowa a cikin gida a ƙarshen shekarun 1980. Duka biyun da haruffan Sirilik ake rubuta su, amma ido na ganin bambancin tun a kalmomin yau da kullum. Dusar ƙanƙara a ƙa'idar hukuma снег ce, a Tarashkevitsa kuwa сьнег, da ƙarin harafin da ke nuna taushin baƙi. Kalmomin aro ma haka: план a can, плян a nan.

Wikipedia ta harshen ta buɗe a 2004 a ƙarƙashin lambar be, kuma yawancin maƙalolinta da Tarashkevitsa aka rubuta su. A watan Maris na 2007 aka bai wa masu rubutu da ƙa'idar hukuma adireshin be, aka ɗauke tsohon aikin gaba ɗayansa aka mayar da shi wani adireshi. A nan ne aka buƙaci suna da gaggawa, aka ƙirƙiro be-x-old.

Abin da ke damun sunan

Ƙa'idar da intanet ke bi wajen yi wa harshe laƙabi ita ce BCP 47, wadda ta faro daga takardar ƙa'ida mai suna RFC 1766 ta 1995, ta bi ta RFC 3066 da RFC 4646, ta zauna a kan RFC 5646 na 2009. Laƙabin guntaye ne da ake haɗawa da karan ɗori, kowanne da gurbinsa. Na farko harshe ne, daga ISO 639, jerin lambobin harsuna na hukumar ƙa'idoji ta duniya: haruffa biyu idan akwai, uku idan babu, shi ya sa ake rubuta wa Hausa ha a bar hau. Sai tsarin haruffa daga ISO 15924, haruffa huɗu, kamar Latn ko Cyrl ko Arab. Sai ƙasa ko yanki. Sai nau'i, wanda tsawonsa haruffa biyar zuwa takwas ne, ko huɗu idan ya fara da alƙalami. Duk waɗannan dole su kasance cikin rajistar da IANA, hukumar da ke kula da sunaye da lambobin intanet, ke riƙe da ita. A ƙarshe akwai ƙofa guda da aka bari a buɗe: harafin x shi kaɗai, wanda duk abin da ya biyo bayansa na amfanin cikin gida ne, ba ya buƙatar rajista.

Ke nan be-x-old bai karya doka ba. Matsalarsa biyu ce. Ta ɗaya, abin da ke bayan x ba shi da ma'ana ga kowa sai wanda ya ƙirƙire shi. Manhajar duba kuskuren rubutu, injin bincike, kundin laburare, babu wanda zai iya sanin cewa Tarashkevitsa ake nufi, kuma wani aikin daban yana iya amfani da wannan laƙabi ɗin da wata ma'ana ba tare da ya yi laifi ba. Ta biyu, guntun ƙarshe kalmar Ingilishi ce mai ma'anar "tsoho", alhali masu rubutu da wannan ƙa'ida suna kallonta a matsayin ta asali mai rai, suna kuma rubuta labarin yau da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya ba da lokacinsa kyauta yana rubutu, sannan a kowane shafi adireshi na shaida masa cewa rubutunsa tsohon yayi ne.

Magani ya zo da wuri. A ranar 27 ga Afrilu, 2007, IANA ta yi wa guntun tarask rajista a matsayin nau'i na be, bisa littafin ƙa'idar da aka wallafa a 2005. A shekara ta gaba aka yi wa 1959acad rajista domin ƙa'idar hukuma. Da an jinkirta raɗa sunan da 'yan makonni, ko da an nemi rajistar kafin a raba ayyukan, da ba a taɓa samun be-x-old ba.

Dalilin da ya sa gyaran ya yi nauyi

A tsarin da Wikimedia, gidauniyar da ke gudanar da Wikipedia, ke bi a wancan lokacin, lamba guda ce ke ɗauke da ayyuka huɗu. Ita ce farkon adireshi. Ita ce sunan rumbun bayanai, bayan an mayar da karan ɗori layin ƙasa an ƙara wiki a ƙarshe, shi ya ba da be_x_oldwiki. Ita ce ɗan gajeren sunan da sauran Wikipedia ke sa wa a gaban mahaɗa idan za su nuna wa mai karatu maƙala a wani harshe. Ita ce kuma laƙabin da ke gaya wa burauza harshen da shafi ke ciki. Idan buƙata ta iso sabar, daga adireshin ake lissafo sunan rumbu kai tsaye. Dabara ce mai sauƙi da ta yi aiki ga ɗaruruwan ayyuka, amma ta ɗaure abubuwa huɗu da igiya ɗaya.

Na huɗun shi ne mafi sauƙin kwancewa, kuma shi aka fara kwancewa. Manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, tana da jerin da ke fassara tsofaffin lambobi zuwa na ƙa'ida, don haka shafi na iya zama a tsohon adireshi amma ya bayyana wa burauza cewa harshensa be-tarask ne. Fayilolin fassarar maɓallai da saƙonnin manhajar su ma aka mayar da su ƙarƙashin sabon suna. Wannan mataki bai taɓa ko maƙala ɗaya ba, kuma shi ya warware yawancin abin da ya shafi injuna.

Sunan rumbu kuwa shi ne ƙashin bayan wahalar. MySQL da MariaDB, manhajojin da ke riƙe da rumbun, ba su da umarni guda na sauya sunan rumbu. Sai dai a ƙirƙiri sabo a kwashe tebura ɗaya bayan ɗaya, a kan babbar sabar da duk kwafinta. Ko an yi hakan, sunan yana rubuce a wurare da yawa a wajen rumbun. Tsarin shiga da asusu ɗaya yana ajiye sunan rumbun kowane aikin da mutum ya taɓa shiga. Ainihin rubutun maƙaloli yana wata ma'ajiya dabam da ake nemowa da wannan suna. Wikidata, wadda ta karɓi aikin haɗa maƙaloli tsakanin harsuna a 2013, tana gane kowane aiki da shi. Kwafin da ake fitarwa domin jama'a su sauke suna ɗauke da shi a sunan fayil, kuma manhajoji da yawa na masu bincike da na 'yan sa-kai sun haddace shi. Kuskure a ɗaya daga cikin waɗannan na iya raba mutum da tarihin gyare-gyarensa, ko ya raba maƙala da rubutunta.

Saboda haka hukuncin da aka yanke shi ne a sauya adireshi a bar rumbu. Hukunci ne mai kyau. Mai karatu ba ya ganin sunan rumbu, kuma haɗarin taɓa shi ya fi amfanin yawa.

Abin da sauyin adireshi ke buƙata

Aiki irin wannan yana da jeri, kuma jerin ya fi kowane mataki muhimmanci. Da farko a sa sabon suna cikin DNS, tsarin da ke haɗa adireshi da sabar, a tabbatar takardar shaidar tsaro ta rufe shi, har da adireshin waya. Sannan a koya wa sabar cewa sabon adireshin yana nufin tsohon rumbu; wannan togiya ce da ake rubutawa da hannu, domin lissafin da aka saba zai nemi rumbun da babu shi. A wannan gaɓa adireshi biyun suna aiki tare, kuma nan ne wurin gwaji: a shiga da asusu, a gyara shafi, a ɗora fayil, a yi bincike. Sai an gamsu sannan a mayar da sabon adireshin na dindindin a saituna, a sa tsohon ya riƙa tura mutane da lambar 301, wadda ke nufin an koma sabon wuri dindindin, yana riƙe da sauran hanyar yadda take. Idan turawar ta zubar da sunan maƙala ta kai kowa babban shafi, duk mahaɗar da aka taɓa sawa a jarida ko littafi ta mutu.

Bayan haka sai jerin sunayen mahaɗa tsakanin harsuna. A nan dole tsohon suna da sabo su ci gaba da aiki tare, domin tsohon yana rubuce a cikin tsofaffin siga na shafuka da ba za a koma a gyara ba. Sai a sabunta teburin da ke bayyana ayyuka a Wikidata, a share ma'ajiyar wucin gadi, a sanar da masu manhajojin bot, wato masu gyara shafuka da kansu, tun kafin ranar.

Inda abu ke karyewa kusan kullum wuri ɗaya ne: duk manhajar da ta ɗauka cewa daga lambar harshe za ta iya lissafo sunan rumbu, ko daga sunan rumbu ta lissafo adireshi. Manhajar da ta karɓi be-tarask ta gina be_taraskwiki za ta sami amsar babu. Wadda ta karɓi be_x_oldwiki ta gina tsohon adireshi za ta isa, amma ta hanyar turawa, kuma buƙatar aika gyara ba ta cika tsira daga turawar 301 ba, domin manhajoji da yawa suna mayar da ita buƙatar karatu kawai. Sai bot ya ga kamar ya yi aiki alhali bai adana komai ba. Ƙididdigar masu ziyara da ake tarawa bisa adireshi ita ma tana rabuwa gida biyu a ranar sauyi, sai an ɗinke ta da hannu. Har yau wanda zai ɗauko mahaɗar wannan Wikipedia daga Wikidata da be_x_oldwiki zai neme ta, amma idan sunan abu yake so a wannan ƙa'idar rubutu, be-tarask zai rubuta. Suna biyu ga abu ɗaya, a cikin tambaya ɗaya.

Me ya sa wannan ya yiwu, na als bai yiwu ba

Be-x-old yana da sa'a guda: babu wanda zai taɓa zuwa ya ce sunan nasa ne. Turawar na iya zama har abada. Kwatanta shi da als, lambar wata Wikipedia dabam, yana nuna girman wannan sa'a.

An buɗe als.wikipedia.org a 2003 domin karin harshen Alsace, daga nan aka ciro haruffan uku. Daga baya aikin ya faɗaɗa ya ƙunshi kare-karen Alemanik na Suwizalan da kudancin Jamus da maƙwabtansu. A lokacin babu ISO 639-3. Lambar gsw ta Alemanik ta shiga ISO 639-2 a 2006, sannan da ISO 639-3 ta fito a 2007 ƙarƙashin kulawar SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, sai ga als an ba wa Tosk, reshen Albaniyanci da aka gina daidaitaccen harshen Albaniya a kansa. Laƙabin da ba a fahimta ba matsala ce ƙarama idan aka gwada da wannan, domin als ana fahimtarsa sarai, sai dai da ma'anar wani harshe dabam.

Ɓarnar ta fita daga Wikipedia. Masu tara rubutu domin horar da manhajojin harshe sukan ɗauki farkon adireshi a matsayin lambar harshe. Manhajar gane harshe ta fastText mai harsuna 176, wadda Wikipedia na cikin abin da aka horar da ita da shi, tana fitar da als ga rubutun Alemanik. Duk wanda ya karɓi sakamakon ya duba teburin ISO zai rubuta Albaniyanci a kan rubutun da ya fi kusa da Jamusanci, sannan kuskuren ya wuce zuwa duk abin da aka gina a kai. MediaWiki kanta tana bayyana gsw a cikin shafin, amma mai kwasar fayiloli ba ya buɗe shafi, sunan fayil yake karantawa.

Sauya adireshin ma ba zai rufe maganar ba. Idan aka koma gsw aka bar als yana turawa, lambar na nan a hannun da ba nata ba. Idan aka sake ta, mahaɗan shekara ashirin sun karye. Ita kanta gsw ba ta rufe duk abin da aikin ya ƙunsa ba, domin ISO ta ba wa Swabiyanci swg, ta ba wa Walser wae. Iyakar da al'umma ta shata wa kanta daban, wadda masu rajista suka shata daban, kuma babu jerin fassara da zai daidaita su sarai.

Irin wannan karo ya faru da nrm, adireshin Wikipedia ta harshen Norman, wanda a ISO na harshen Narom ne na Sarawak a Maleshiya. Lambar da ta dace ita ce nrf. Sauran tsofaffin sunayen laifinsu ya fi sauƙi. An ƙera bat-smg, fiu-vro da roa-rup, na harsunan Samogitiya, Võro da Aromaniya, ta hanyar ɗaukar lambar dangin harsuna a liƙa mata haruffa uku, kuma yanzu kowannensu na da tasa: sgs, vro, rup. Dabarar ta yi kama da hankali, sai dai tana lalata komawa baya. Idan manhaja ba ta sami abin da aka nema ba, RFC 4647 ya ce ta riƙa yanke guntu daga dama. Be-tarask zai koma be, mai karatu ya sami abin da zai iya karantawa. Bat-smg zai koma bat, wato dangin harsunan Baltik, wanda babu fassarar komai a cikinsa. Zh-classical kuwa, na Sinancin dā, ko siffar ƙa'ida bai cika ba, domin guntunsa na biyu haruffa tara ne, iyaka kuma takwas. Lzh ce lambarsa. Zh-min-nan da zh-yue, na harsunan Min Nan da Kanton na Sin, an taɓa yi musu rajista a tsohon tsari, amma yau rajistar tana nuna nan da yue a matsayin waɗanda aka fi so.

Abin da aka canza domin kada a maimaita

Tun 2006 Wikimedia ta kafa kwamitin harsuna, kuma ƙa'idarsa ta buƙaci duk sabon aiki ya zo da ingantacciyar lambar ISO 639. Gwaji yana farawa a Incubator, dandalin renon sababbin ayyuka, ƙarƙashin wannan lamba, ita ce kuma ke bin aikin har ya sami adireshinsa. Ƙa'idar ta toshe ƙofar ƙirƙira, amma tana da tsada: ta miƙa wa wata hukuma ta waje ikon cewa wane ne harshe. Al'ummar da ba ta da lamba sai ta fara aika buƙata ga masu rajistar ISO 639-3, da hujjojin cewa abin da take magana da shi harshe ne mai zaman kansa, ta jira hukunci. Duk da haka wannan jira ya fi raɗa sunan da za a ɗauki shekaru ana neman hanyar cire shi.

Ga sabon aiki, darasin be-x-old a aikace yake. Kowane reshe a ba shi lambar shaida ta cikin gida wadda ba ta nufin komai kuma ba za ta taɓa canzawa ba, da ita za a sa wa rumbu suna. Adireshi, laƙabin BCP 47 da sunan da ake nuna wa mutane su zauna a gurabe dabam cikin teburi ɗaya, tare da gurbin tsofaffin sunaye. Kada wata manhaja ta lissafo ɗaya daga ɗaya; ta tambayi teburin. Kafin a karɓi laƙabi a gwada shi da rajistar IANA, ba da ƙidayar haruffa kawai ba, domin als da nrm duk za su wuce gwajin siffa. A kwatanta laƙabi ba tare da kula da babban baƙi ko ƙarami ba, tunda ƙa'idar ba ta bambanta su. Gurbin ajiyar laƙabin kuma kada ya gaza haruffa 35, kamar yadda RFC 5646 ya ba da shawara. Masu ware gurbi biyu ko biyar suna gane kurensu ranar da zh-Hant-HK ya iso. Idan dole sai an yi amfani da na cikin gida, a sa shi bayan x a kan harshen da ya fi kusa, kamar yadda MediaWiki ke fitar da de-x-formal da jv-x-bms, ko a ɗauka daga qaa zuwa qtz, lambobi 520 da ISO ta keɓe domin haka kuma ba za ta ba wa kowa ba.

Teburin tsofaffin sunaye wajibi ne ko da an bi ƙa'ida tun ranar farko, domin ƙa'idar kanta tana motsi. A 1989 aka sauya iw zuwa he ga Ibrananci, in zuwa id ga Indonesiyanci, ji zuwa yi ga Yiddish, amma harshen shirya manhaja na Java ya ci gaba da mayar da tsofaffin har zuwa siga ta 17. A 2008 aka janye mo ta Moldova aka mayar da masu amfani da ita ro ta Romaniyanci. Wikipedia ta Emiliya da Romanya kuwa, wato yankin Emilia-Romagna na Italiya, ta buɗe da eml, lambar da ta taɓa zama mai inganci a ISO 639-3, sai a 2009 ISO ta janye ta ta raba harshen biyu, egl da rgn. Aikin ɗaya ne, da al'umma ɗaya da rumbu ɗaya, lambobin kuma biyu. MediaWiki tana fitar da egl a madadin eml, wanda ya dace da maƙalolin Emiliya amma ya sa wa na Romanya laƙabin da ba nasu ba, sai dai marubuci ya sa rgn da hannu a kan shafin da ya rubuta.